Yadda Na Kwashe da Masu Karɓar Bashi da Suka Ƙi Ba Ni Lissafi

Naira dubu 80 na ranta daga wata manhajar ba da bashi ta waya, a watan da albashinmu na koyarwa ya makara kuma aka kwantar da mahaifiyata a asibiti. Ban taɓa musun wannan bashi ba. Na biya dubu 50 a karo biyu, sauran kuma ya gagare ni har mako uku bayan wa'adi, daga nan sai masu manhajar suka miƙa lamarina ga wani kamfani dabam wanda sana'arsa ita ce karɓo bashi.

Wanda ya fara kira na ya ce ana bi na naira dubu 112. Da na tambaye shi yadda aka yi kuɗin suka kai haka, alhali na riga na biya fiye da rabin abin da na karɓa, sai ya ce, "Malam, ba don ka yi lissafi muka kira ka ba, biya za ka yi." Ya turo mini lambar asusun banki, da na duba sai na ga sunan wani mutum ne a kai, ba sunan kamfani ba. Na nemi ya ba ni takardar da ke nuna cewa masu bashin sun wakilta su, da cikakken lissafin abin da na karɓa da abin da na biya da abin da aka ɗora a kai. Kwana goma sha ɗaya ina maimaita wannan buƙata, kullum da sabuwar murya a waya, kowa yana cewa wannan ba aikin sashensa ba ne. Ana cikin haka ne saƙo ya isa ga surukina da shugaban makarantarmu, ɗauke da hotona, ana kira na ɗan damfara, ni kuma aka sanar da ni cewa 'yan sanda suna tafe.

Barazanar 'yan sandan ce ta fi hana ni barci, kuma ita ce ta fi zama holoƙo. Wani abokina lauya ya nuna mini sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wanda ya hana a kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai ko wata taƙaddamar da ba ta aikata laifi ba ce, sannan sashe na 8 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya faɗi haka. Dokokin biyu sun kuma haramta kama ɗan'uwan mutum a madadinsa. Rashin biyan bashi a kan lokaci magana ce ta kotu tsakanin mai bi da wanda ake bi, sai fa idan da ƙarya ko takardun jabu aka karɓi kuɗin tun farko. Ba na cewa ba a taɓa amfani da 'yan sanda wajen karɓar bashi ba, domin duk mun san ana yi, amma wanda ya san cewa doka ba ta yarda ba, ba ya shiga caji ofis da gwiwa a sanyaye.

Batun tura saƙo ga mutanen da ke cikin wayata kuwa, a nan na fi jin zafi, domin ni da kaina na danna amincewa da manhajar ta shiga lambobina, ba tare da na karanta komai ba. Na ɗauka ke nan na sayar da 'yancina. Ashe ba haka ba ne: sashe na 37 na kundin tsarin mulki ya kare sirrin ɗan ƙasa, kuma dokar kare bayanan sirri da aka sanya wa hannu a watan Yunin 2023, wadda ta kafa hukumar kare bayanan sirri ta ƙasa, wato NDPC, ba ta yarda a tattara bayanai don wata manufa a karkatar da su zuwa wata ba. Surukina bai tsaya mini ba, bai kuma ba kowa izinin amfani da lambarsa ba. Tun a 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, wato NITDA, ta ci tarar wani kamfanin rance naira miliyan 10 kan irin wannan aiki, a 2023 kuma Google ya hana manhajojin rance da ke rumbunsa shiga lambobi da hotunan mutane.

Daga ranar na daina jayayya a waya. Duk wanda ya kira, nakan gaya masa cikin ladabi ya rubuto abin da yake so, sannan in kashe. Na ɗauki hoton kowane saƙo tare da kwanan wata da lambar da ta turo shi, na karɓi na surukina da na shugaban makaranta, na haɗa da shaidar biyan kuɗi daga bankina. Sannan na rubuta wa asalin masu bashin wasiƙa, na ce na amince ana bi na kuma a shirye nake in biya abin da lissafi ya tabbatar, a asusun kamfani kawai, na kuma sanar da su cewa na shigar da koke a hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC da kuma NDPC. FCCPC ce ke yi wa masu ba da rance ta intanet rajista tun 2022, tana kuma wallafa sunayen waɗanda ta amince da su a shafinta. Da a ce banki ne ko bankin ƙananan rance mai lasisin Babban Banki, hanyar ita ce a fara kai wa bankin koke, idan mako biyu suka wuce babu mafita sai a garzaya sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin.

Akwai masu ba da shawara a kafofin sada zumunta cewa a share manhajar kawai a ƙi biyan ko kwabo. Ban yarda da su ba. Mai bashi yana da ikon kai ƙara kotu, yana kuma iya miƙa sunan mutum ga kamfanonin da ke ajiye tarihin bashi, irin su CRC da FirstCentral, abin da kan toshe wa mutum ƙofar rance a banki nan gaba. Ban da wannan ma, haƙƙin wani yana wuyana, kuma damuwar kuɗin ruwan da na jefa kaina a ciki ta ishe ni, balle in ƙara da cin dukiyar mutane. Abin da na ƙi shi ne in biya adadin da babu wanda ya iya bayyana asalinsa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani ma umarni take yi da a rubuta bashi.

Mako biyu bayan wasiƙar, lissafi ya zo daga masu manhajar, kiraye-kirayen kuma suka tsaya. Biyana na biyu na dubu 20 ashe ba a shigar da shi ba, an kuma ɗora wani kuɗin aikin karɓo bashi wanda babu shi a yarjejeniyar. Da aka cire su, abin da ya rage naira dubu 54 ne. Na biya a karo biyu, na kuma nace sai da aka rubuto mini takardar shaidar cewa ba a bi na komai. Na buga ta a takarda na kai wa surukina har gida. Ya karanta, ya ninke, ya miƙo mini, ya ce, "Da ka zo wurina tun farko, ai da ba a yi haka ba." Masu karɓar bashin kuwa har yau ba su tura masa saƙon janye kalamansu ba, kuma na rubuta musu a kan haka sau biyu.