Injin da ka tsince shinkafa da kai nai

Jiya na raka yayana kamfanin casar shinkafa da yaka aiki nan Sakkwato, wallahi har yanzu abin na cikin raina. An kawo musu wani inji mai kyamara, shinkafa na zubowa shina kallon ko wace ƙwaya, in ya ga baƙa ko tsakuwa sai ya hura mata iska ta faɗa gefe, ba hannun kowa. Mazan wurin sai murna sukai, kowa na son a koya mai danna shi, wani ma cewa ya yi Allah shi kawo mutum-mutumin da ka loda buhu su huta da ciwon baya.

Amma da na fita waje wurin matan da ka tsinta da shiƙa, fuska ba annuri. Wata dattijuwa ta ce min "ɗiyata, su an ce za a koya musu, mu wa ya ce muna komi?" Na ce Inna ku yi haƙuri, amma ni kaina na san ba amsa na ba ta ba. Da wanga aikin taka ciyar da marayu ukku.

Ni dai a ganina ba tsoron inji matan nan suke ba, ai su ke tura kuɗi ta waya kullum. Aikinsu ne injin ya fara ɗauka, kuma da aka zo zaɓen masu koyo ko mace guda ba a kira ba. Na roƙi Yaya ya yi ma manajansu magana ko 'yan mata biyu a saka, ya ce zai gwada ranar Assabar.