Asabar a gareji: silinda ta huɗu ta ƙi kamo 'yan uwanta

Da misalin ƙarfe tara na safe, hazon hunturu bai gama washewa ba, aka shigo da wata Nissan 350Z garejinmu da ke kusa da Panteka a Kaduna. Mai ƙofa biyu ce, ja, ƙirar 2004, injinta VQ35DE mai silinda shida, lita 3.5. Wani Alhaji ne daga Barnawa yake son saya, dillali na biye da shi yana ta rantsuwa cewa inji lafiya lau. A kunne kam lafiya lau ɗin ne, sai ɗan rawar da take yi idan an bar ta a tsaye, wanda dillali ya ɗora wa fulogi. Alhaji ya ce a gwada kwamfireshan, wato ƙarfin matsin iska da kowace silinda ke yi, kafin ya biya ko sisi.

Da farko muka bar ta ta yi zafi har allurar ruwa ta zauna a tsakiya, domin fistan da ringi ba sa cika ramin silinda sosai sai ƙarfe ya ɗau zafi, kuma injin sanyi yakan ba da lamba ƙasa da gaskiyarsa. Daga nan aka zare fiyus ɗin famfon mai, aka bar ta ta shanye fetur ɗin da ya rage a layi har ta mutu da kanta. Idan ba a yi haka ba, fetur zai riƙa wanke baƙin man da ke jikin bangon silinda yayin da ake murzawa, lamba ta sauka babu dalili. Aka cire kwayil shida, aka hura ramukan da iska, sannan aka kwance fulogi duka shida. Wasu sukan cire ɗaya su gwada su mayar, to wannan yana sa inji ya yi nauyi, kik ya kasa juya shi da saurin da ake so.

A ramin fulogi na biyar mun tarar da baƙin mai ya taru, robar murfin bawul ce ta saki, abin da ya zama ruwan dare a wannan inji idan ya tsufa. Sai da muka tsane shi da tsumma a kan sukundireba kafin mu kwance fulogin, don in man ya zurara ciki zai toshe ringi na ɗan lokaci, silindar ta nuna ƙarfin da ba nata ba.

Zagayen farko ya lalace. Silinda ta ɗaya ta ba da 165 psi (ma'aunin matsin iska) a geji, ta biyu 158, muna zuwa ta shida an koma 140, kowace ƙasa da wadda ta gabace ta. Inji ba ya lalacewa a jere kamar matakala haka. Batir ne ya gaji, motar ta daɗe a ajiye, mita ta nuna 11.9 maimakon 12.6 na cikakken batir. Muka ɗaura wani mai ƙarfi muka sake daga farko, yaro ya danne totur har ƙasa, ana murza kik sai allurar geji ta daina hawa, wajen bugu biyar zuwa shida. Wannan karon ta ɗaya 176, ta biyu 174, ta uku 178, ta huɗu 148, ta biyar 172, ta shida 175.

Littafin gyara na Nissan ya sa wa wannan inji 185 psi a matsayin lambar lafiyayye, 142 mafi ƙanƙanta da za a yarda da ita, sannan tazarar da ke tsakanin silinda da silinda kada ta wuce 14. Alhaji da ya ga babu wadda ta kai 185 sai ya ɓata rai, shi kuma dillali da ya ga 148 ta fi 142 sai ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ka gani, duk sun ci jarrabawa." Dukansu biyu sun karanta takardar a karkace.

Rashin kaiwa 185 ba abin damuwa ba ne a nan. Kaduna tana kusan mita 600 sama da teku, iskarmu ta fi ta Legas rashin nauyi da kusan kashi 7 cikin 100, don haka injin da zai buga 185 a Apapa zai tsaya wajen 172 a nan. Ga shi kuma geji da geji sukan saɓa da 'yan lambobi. Biyar ɗin da suka taru tsakanin 172 da 178 lafiyarsu ƙalau. Matsalar tana cikin tazara, daga 178 zuwa 148 akwai 30, ya ninka abin da aka yarda har da ɗori. Silinda ɗaya tana ja da baya, ita ce ke kawo rawar nan, kuma sabon fulogi ba zai hana ta ba.

Saura a gano ta ina iskar ke gudu. Hanyoyi uku ne: ringi, bawul, ko gasket. Yadda allura ta hau ma ya riga ya ba da alama. A lafiyayyun biyar, bugun farko kaɗai yakan kai ta fiye da rabin hanya. Idan ringi ne ya ci, takan fara ƙasa ta riƙa hawa kaɗan-kaɗan da kowane bugu. Ta huɗu kuwa ta fara ƙasa, ta ɗan taɓuka, ta tsaya cak. Muka zuba mata baƙin mai cokalin shayi ɗaya ta ramin fulogi, aka murza sau biyu don ya bazu, aka sake gwadawa, ta ba da 151. Da ringi ne, da man ya like shi lamba ta yi tsalle da ashirin ko fiye. Kada a wuce cokali ɗaya, mai da yawa yana rage filin cikin silinda ya kumbura lambar ko da ba ringi ba ne.

Gasket kuma, idan ya ƙone tsakanin silinda biyu, biyun ne suke faɗuwa tare. A nan ne mutane kan yi kuskure da injin V6, suna zaton maƙwabciyar ta huɗu ita ce ta uku ko ta biyar. A wannan inji ɗaya, uku, biyar suna gefen dama, biyu, huɗu, shida suna gefen hagu. Maƙwabtan ta huɗu su ne ta biyu da ta shida, ga su da 174 da 175.

Bayan azahar muka kawo fistan na huɗu can sama a bugun matsi, inda bawul duka suke rufe, muka tura iskar kwamfireso ta ramin fulogi, muka bi da kunne. Bakin zuba baƙin mai, ɗan huci ne kawai wanda kowane inji ke yi. Lagireto babu kumfa. Wajen shigar iska shiru. A bakin salansa kuwa kana jin iskar tana fita, har takardar da yaro ya kara tana kaɗawa. Bawul ɗin fitar hayaƙi ne ba ya zama daidai.

Na gaya wa Alhaji kada ya ɗauki lambobin nan a matsayin shaidar komai da komai. Kwamfireshan ba ya nuna ringin share mai, inji yana iya buga 175 yana kuma shan baƙin mai. Ba ya nuna metal ɗin ƙasa, wato boris ɗin ƙasan inji, ba ya nuna sarƙar taimin. Motar tsere kuma ba a sayenta don a tuƙa a hankali, wanda ya riƙe ta a baya ya taka ta. Da Mazda RX-8 ce ma, da wannan gejin namu bai isa ba, injinta ba shi da fistan, yana buƙatar na'urar da ke karanta fuska uku na kowane rota, abin da ke juyawa a madadin fistan, daban.

Kafin a yi maganar sauke tof, wato saman inji inda bawul suke, akwai abu ɗaya mai sauƙi da ya rage. Bawul ɗin wannan inji ba ya daidaita tazararsa da kansa, in ta matse sai bawul ya kasa rufewa ruf. Tazarar na fitar hayaƙi ya kamata ta kasance 0.29 zuwa 0.37 na milimita a injin sanyi. In ita ce, a canja kofin da ke kansa da mai kaurin da ya dace. In kuwa tazara daidai take, bawul ya ƙone ke nan, sai an sauke tof na hagu, an buɗe gaban inji an cire sarƙa, aikin kwanaki. Kuɗin biyun ba su haɗa hanya ba, shi ya sa Alhaji ya ƙi yin ciniki yau. Dillali ya yi ta waya da mai motar, daga ƙarshe ya yarda ta kwana. Mun rufe ramukan fulogi da tsumma saboda ƙura, gobe da sassafe za a buɗe murfin bawul na hagu.