Kada ku ja igiyar tsohon inji ranar da kunka saye shi

Ƙannena, tunda na ga wasunku sun fara sha'awar tsofaffin injinan yankan itacen nan da nake tarawa, har wasu kan biyo ni gida Mabera, nan Sakkwato, bayan la'asar su tsaya bakin ɗakin kaya suna leƙe, to bari in faɗa muku abin da ni ban samu mai faɗa min ba lokacin da na fara. Injin da na fi so duk cikin waɗanda na taɓa riƙewa da hannuna na kashe shi wallahi, kuma cikin abin da bai kai minti biyar ba, har yau in na tuna sai in ji abin ya tokare min ƙirji.

Stihl 070 ne, na asali ɗan Jamus, ba irin kwaikwayon da anka cika kasuwa da shi yanzu ba. Wajen 'yan gwangwan na tsince shi cikin tulin ƙarafuna ana shirin auna shi a kilo, duk ya yi baƙi ƙirin da dattin mai da garin katako, amma da na goge gefensa da yatsa na ga rubutun sai da gabana ya faɗi. Wanda bai san injin nan ba ba zai gane ba. A 1968 kamfanin ya fito da shi, cikinsa cc 106 ne, wato ya ma ɗan fi Boxer ɗin da 'yan kabu-kabu ke ɗaukar mutum biyu da buhu a kai, kuma duk wannan ƙarfi a hannunka kake riƙe da shi. Shi ne injin da 'yan katako a dazukan kudu sunka daɗe suna tsaga manyan itatuwa da shi. Shi kansa wanda ya kafa kamfanin, Andreas Stihl, tun 1926 ya fara, da injin lantarki ma ya soma kafin ya yi na fetur a 1929.

Na kawo shi gida ina ta ɗoki, ko alwalar magariba ban yi ba na ɗauko ragowar fetur da ke cikin jarkar janareta wanda ni kaina ban san watansa nawa a nan ba, na tsiyaya baƙin mai na mota da ido kawai ba awo, na girgiza na zuba, na fara jan igiya. Wajen ja na goma ya kama. Kai, ƙarar da ya yi! Ya tashi sama cak yana kuka siriri mai daɗi, yaran unguwa sunka taru, ni kuma farin ciki ya sa na danne totur ɗin na riƙe ina jin daɗin sautin, ban san wannan kukan shi ne ihun neman agaji ba. Sai kawai ya yi tsit. Na ja igiya ta ƙi motsi ko kaɗan, kamar an yi mata walda.

Washegari na ɗaure shi bayan mashin na kai wa wani dattijo da ke gyaran injin ban-ruwa na manoman fadama ta wajen Kwalkwalawa, mutumin ya yi zaman kurmi da ƙuruciya yana aikin katako, ya san injin nan kamar yunwar cikinsa. Bai ce min komai ba, ya ɗauki sifana ya kwance salansa, ya haska tocila cikin ramin yac ce in duba. Fistin ɗin duk ya yi zane-zane daga sama har ƙasa kamar an ja shi a kan tsakuwa, ringin ya narke ya manne cikin raminsa. Yac ce, "Ɗana, inji wanga shekara nawa ya yi kwance yana jiran mai rabo, kai kuma ka kasa jiran kwana biyu?" Na ce Baba kuskure ne. Yac ce awo kuskure na, zauna in nuna maka.

Abin da ya koya min ranar shi nake son ku riƙe. Irin waɗannan injina ba su da wurin baƙin mai a ƙasa kamar mota ko Boxer, ɗan man da ka gauraya cikin fetur shi kaɗai ne ke shafa fistin da boris, kuma fetur ɗin da kansa yana taimakawa wajen sanyaya cikin. To a gefe biyu na karanshaf akwai wasu 'yan zobban roba, sil, da ke hana iska shiga ta bayan fage. In inji ya daɗe ajiye, balle a zafin Sakkwato da kan haura digiri 40 a watan Afrilu, robar nan bushewa take yi ta tsage, sai iska ta riƙa satar hanya tana shiga, mai ya yi kaɗan iska ta yi yawa, inji ya riƙa gudu fiye da ƙima yana ɗaukar zafi har fistin ya kumbura ya kama bango. Wannan gudun da na ji ina murna, alamar ciwon ce. Da na san haka da daƙiƙa biyar na kashe shi.

Shi ya sa yanzu duk injin da ya shigo gidana, ko mai shi ya rantse min jiya-jiya ya yi aiki da shi, sai ya bi layi. In fara kwance salansa in kalli fistin, domin nan ne gaskiyar inji take, fenti da kyan jiki ba su gaya maka komai, kuma ku yi wannan tun a wajen ciniki kafin kuɗi su bar aljihunku, in mai kaya ya hana ku buɗewa ku yi masa sallama ku tafi. Sai in ja igiya a hankali in ji ko yana turjewa, in ta zo salalam ba nauyi to ƙarfin matsi ya tafi. In cire fulogi in ga launinsa in gwada wuta, na da can da yawa masu fayint da kwandensa ne, wato 'yan kayan da ke ba fulogi wuta, sau tari gogewa kawai suke so ba canji ba. Tiyon mai in lanƙwasa shi in ga ko zai tsage. Kafireto kuma akwai wata 'yar fata siririya a ciki da ke harba mai, in ta tsufa takan yi tauri kamar busasshen ganye, wannan canja ta ake yi ba a lallashinta. Filtar iska ma kada ku raina ta, ƙurar hunturu da muke sha a nan in ta wuce ciki aikin sanfefa take yi wa silinda. Sai duk na gama wannan, na canja sil, sannan mai ya shiga tanki.

Maganar gaurin mai kuwa ku sayi sirinji a kemis ku ajiye don wannan aiki kawai. Man tu-ti na gaske, wato wanda aka yi don gaurayawa da fetur, ba baƙin mai na mota ba. In 25 da 1 za ku yi, wato kashi 25 na fetur kashi 1 na mai, kamar yadda ake yi wa tsofaffin, mil (mililita) 40 ke nan a litar fetur ɗaya, in kuma man mai kyau ne sosai irin wanda kamfani ya ce a yi 50 da 1, mil 20 ke nan. Ni dai da man da nake samu a nan na fi natsuwa da mil 40, gara ya yi ɗan hayaƙi ya ɓata fulogi da ya cinye fistin. Kuma fetur ɗin kwalba na bakin titi ban yarda da shi ba ga injin da ba ni da madadinsa. Akwai kuma sukuru biyu a jikin kafireto masu alamar H da L, samari na son matse H ɗin saboda inji ya ƙara ƙara, ku bari. Lafiyayyen sauti shi ne in ka danne totur ba a cikin itace ba ka ji yana ɗan gurnani kamar mai kaki a wuya, da ya shiga itace sai muryar ta washe.

070 ɗin ya tashi daga baya, domin Allah ya sa kwaikwayonsa da ake yi a China ya yi yawa har kayan gyaransa ba su wuyar samu, na sa masa sabon fistin da silinda. Yana aiki, amma ni na san abin da ke cikinsa ba nasa ba ne, na asalin yana nan cikin gwangwanin madara a kan kanta.

Wani abin da ya ci min kuɗi shi ne kwaɗayin tarawa. Akwai shekarar da ko me na gani sai na saya, har wani Homelite XL-12 ɗan Amurka, samfurin da ya fara fita a 1963, kyakkyawa ƙarami mara nauyi, amma yau shekara nawa ban samu kwayil ɗinsa ba ko a ina. Kuɗin cefane na taɓa a kansa, kuma uwargida ba ta ce min komai ba sai dai na ga fuskarta, wannan shirun ya fi min faɗa ciwo. Ku fara da guda ɗaya wanda kayansa ke samuwa, ku gama shi tukuna. Kuma kada ku ajiye su a kan siminti, jikin yawancinsu ƙarfen maganiziyam ne, in damina ta zo danshi ya kama shi sai ya riƙa yin farin gari yana rubewa, haka na yi asarar gindin wani inji Dolmar. Ku ɗora a kan katako, ku juye man tanki kafin ajiya.

Yanzu ga wadda ta fi duka, kuma don ita na zauna rubutun nan. Tsofaffin injinan nan akasarinsu ba su da birkin sarƙa, wannan marfin da ke gaban hannu a na zamani wanda ke tsayar da sarƙa nan take in inji ya yi tsalle. Haƙoran sarƙar da muke amfani da ita wani Ba'amurke ne mai suna Joseph Cox ya ƙirƙiro, ya kwaikwayi yadda tsutsar itace ke cin katako, anka fara sayar da ita a 1947, kuma gaban kowane haƙori akwai ɗan tudu da ke ƙayyade zurfin da zai ciza. Ni da na koyi wasa sarƙa da magagari, mai kaurin milimita 5.5 ake sa wa ta 070, sai na ga in na rage tudun nan sosai yankan ya fi sauri, na bi su duka na zaftare. Farkon damina iska ta karya wani babban reshen dogon yaro a ƙofar gidan maƙwabcinmu, ya ce Malam taimaka mana mana, na fito da jallabiya da silifas kamar mai zuwa shago. Ina cikin yanka saman hancin takobin, wato dogon ƙarfen da sarƙar ke zagayawa a kai, ya taɓa wani reshe da ke ɓoye cikin ganye, kafin in ƙifta ido injin ya tashi sama ya yo kaina. Allah ne ya sa na karkace, sarƙar ta kama hannun jallabiya ta yage shi ta bi damtsena na hagu. Ban ma ji zafi ba da farko sai ɗumi, sai da na ga jini na bin yatsuna yana ɗiga a kan silifas. An yi min ɗinki a asibiti, kuma da ta matsa kamar tafin hannu ɗaya da wuyana ta samu. Ɗana ƙarami yana tsaye bai fi taku uku daga wurin ba.

Don haka saman hancin takobi kada ya taɓa komai, hannu biyu kullum, babban yatsa ya zagaye mariƙi, ku tsaya ɗan gefe kada fuskarku ta yi saiti da sarƙa, kada ku yanka abin da ya wuce kafaɗarku, takalmi rufaffe da wando da riga mai kama jiki, ku toshe kunne, yara su yi nisa. Kuma don Allah kada wani ya je gwajin inji a kan itace mai rai, mu da hamada ke matso mu kullum, gawo ko ƙirya ɗaya ta fi duk injinan ɗakina amfani. Kututturen da ya bushe ko abin da iska ta kayar ya ishe mu gwaji.

Akwai wani Husqvarna 61 ɗan Suwidin da na samo wajen wani mai sayar da itacen girki, yau sati uku yana kan tebur ban sa masa ko ɗigon mai ba, sil ɗinsa nake jira daga Kano. In ya iso kafin Asabar, wanda ke so ya zo bayan la'asar mu buɗe shi tare, amma ya sako takalmi rufaffe, mai silifas a waje zai tsaya.