Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Zamana a Majalisar Shawara ta Dayosis

A makon jiya na tsaya a daidai inda fadan cocinmu, wato firist ɗinmu, ya miƙa sunana ga ofishin bishop, domin in wakilci masu bi a majalisar shawara ta dayosis, wadda aka ɗora wa nauyin tsara inda ikilisiya za ta dosa a shekaru masu zuwa. Dayosis shi ne yankin coci-cocin Katolika da ke ƙarƙashin bishop ɗaya.

Kafin zama na farko aka raba mana takardu, kuma a cikinsu na fahimci cewa kujerar da aka ba ni tana da tushe. Babban Taron Batikan na Biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, shi ne ya jaddada cewa duk wanda ya karɓi baftisma yana da rabo a aikin ikilisiya, daga baya kuma kundin dokokin ikilisiya na 1983 ya zuba wannan koyarwa a cikin doka. Doka ta 212 ta ba masu bi 'yanci, wani lokaci ma ta wajabta musu, su bayyana wa shugabanninsu ra'ayinsu kan abin da ya shafi amfanin ikilisiya. Doka ta 511 kuwa ita ce ta yi tanadin majalisa irin tamu, inda firistoci da sistoci da sauran masu bi suke zama tare, kuma ana kiran zamanta aƙalla sau ɗaya a shekara.

Sai dai doka ta 514 ta faɗi abin da ya sanyaya wa wasunmu gwiwa, wato ƙuri'armu ta shawara ce kawai, yanke hukunci na bishop ne. Ko a sinod na dayosis, wato babban taron tuntuɓa da bishop ke kira, haka abin yake, domin doka ta 466 ta ce bishop kaɗai ne mai kafa doka a cikinsa. Wani dattijo da ke kusa da ni ya yi ƙasa da murya ya tambaye ni ko an tara mu ne don mu sa albarka a kan abin da aka riga aka gama. Ni ma tambayar ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya.

Batun da ya fi cin lokacinmu shi ne ƙarancin firistoci, da shawarar haɗe wasu ƙananan coci-coci a ƙarƙashin fada ɗaya. An kasa mu rukuni-rukuni, aka bi tsarin da ya yaɗu tun lokacin da Fafaroma Francis ya buɗe sinod na duniya a watan Oktoba na 2021: kowa ya yi magana na 'yan mintoci ba tare da an katse shi ba, a yi shiru na addu'a, sannan a zagaye na biyu kowa ya faɗi abin da ya taɓa shi a maganar wani, ba abin da ya shirya daga gida ba. Na ga wani fada da ya saba wa'azi na tsawon lokaci yana juya biro a hannunsa, yana jiran layinsa kamar kowa, alhali wata tsohuwa mai koyar da katikisim, wato tushen koyarwar addini, tana bayani a hankali. Ta dubi bishop, wanda ya zo ya zauna a rukuninmu, ta ce masa, ranka ya daɗe, taswirar da aka zana ta auna nisan hanya, amma ba ta auna ƙafar tsofaffi ba, kuma idan aka ɗauke Misa, wato babbar ibadar coci, daga inda suke, su ne za a fara rasawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Bishop bai ba ta amsa ba, rubutu kawai ya yi.

A nan na lura da wani abu da har yau nake riƙe da shi a matsayin ma'auni. Shawara tana da daraja idan an nemi ta kafin a yanke hukunci, kuma idan wanda ya yanke ya dawo ya faɗi abin da ya ɗauka da abin da ya bari, tare da dalilinsa. Su kansu firistoci da haka suke auna tasu majalisar, domin doka ta 515 ta hana bishop kafa farish, wato yankin cocin da fada ke kula da shi, ko soke shi ko yi masa babban sauyi sai ya saurari majalisar firistoci tukuna, ko da yake sauraro bai tilasta masa bin abin da suka ce ba.

Da daftarin shirin ya dawo hannunmu, an haɗe wasu coci-cocin kamar yadda aka tsara tun farko, amma an ƙara sashe kan horar da masu koyar da katikisim da kuma jadawalin kai Misa ƙananan wurare bi da bi. Dattijon nan bai gamsu ba, ya ce an ba mu ƙanana an riƙe manya. Ni kuwa hankalina ya riga ya koma kan tambayar da babu wanda ya amsa a zauren, wato daga ina kuɗin horarwar zai fito. Wannan tambaya ce ta kai ni gaban majalisar kuɗi ta dayosis, kuma daga nan za mu ɗora a mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.