Kafin Ka Sayi Tsohon Gida Ƙarami Mai Makeken Fili

Ƙannena da kuke tara kuɗin gidanku na farko, akwai wani irin gida da yake saurin sace zuciyar matashi: tsohon gini ɗan madaidaici, ɗaki biyu ko uku, zaune a cikin fili mai faɗi. Da an buɗe ƙofa ido ya sauka kan filin, sai lissafi ya tsaya, buri ya karɓi ragama. Nan zan ƙara ɗakuna, can zan yi lambu, wancan gefen in yanka in sayar in mayar da rabin kuɗina. Irin wannan gida na saya, da irin wannan tunani. Abin da nake so ku riƙe shi ne abu biyu ake sayar muku a ciniki ɗaya, fili da gini, kuma kowanne yana bukatar nasa binciken da nasa farashin.

Mu fara da filin, tunda shi ne yake ruɗin mutum. Ni mai gida ne ya zagaya da ni yana nuni da hannu, daga wancan icen zuwa waccan katangar, na amsa da to. Sai bayan na biya na kawo safiyo, awo ya nuna katangar maƙwabci ta shigo ciki, tsirin da ke baya kuma hanyar ruwa ce da hukuma ba ta yarda a yi gini a kai ba. Wurin da na yi niyyar yankawa in sayar ke nan. Don haka safiyo kafin biya ake kiransa, ya nemo alamun iyaka a ƙasa, ya gwada su da taswirar da ke cikin takardu. Daga nan ka taka da ƙafarka zuwa ofishin tsara gari ka tambaya: an yarda a raba wannan fili? Mene ne mafi ƙarancin girman da ake amincewa da shi? Mita nawa za a bari daga titi, daga maƙwabci, daga babban layin wutar lantarki? Akwai shirin faɗaɗa hanya? Filin da yake da girma a ido yakan tsuke matuƙa idan aka cire duk inda ba a yarda ka aza bulo ba. Ka kuma lura ko akwai turbar da mutane suka saba ratsawa ta ciki, domin a dokokin ƙasashe da dama daɗewar bin hanya tana iya zama haƙƙi.

Maganar takardu ba ta da tsawo amma tana da nauyi. Tsohon gida sau da yawa gado ne, mai tallarsa kuwa ɗaya ne daga cikin magada. Lauyanka, ba lauyan mai sayarwa ba, shi zai binciko a ofishin rajistar filaye sunan wa ke kan takardar mallaka, ko an jinginar da gidan, ko akwai bashin haraji ko shari'a a kansa, sannan duk mai haƙƙi ya sa hannu.

Akwai tambayar da ban yi wa kaina ba, wadda yanzu ita nake fara yi: me ya sa wanda ya gina gidan ya ajiye shi a wannan kusurwa, ya bar sauran wurin fayau tsawon shekaru? Wani lokaci rashin kuɗi ne kawai. Wani lokaci kuwa nan ne kaɗai tudu, sauran duk matattarar ruwa ce. Da rani ba za ka gane ba, ƙasa a bushe take ko'ina. Ka koma bayan an yi ruwan sama mai ƙarfi, ka tsaya ka ga inda ruwan yake bi da inda yake kwanciya. In lokacin ruwa bai yi ba, ƙasa tana da nata shaidun: layin datti a jikin katanga daidai inda ruwa ya taɓa kaiwa, ciyayin fadama a wani lungu, baƙar ƙasa da ta daddare. Wannan baƙar ƙasar yumɓu ce, tana kumbura idan ta sha ruwa, ta tsuke idan ta bushe, harsashin gini kuma yana motsi tare da ita shekara bayan shekara. Ƙasar da ke kewaye da gida ya kamata ta gangara nesa da bango. Ƙa'idar da magina da yawa ke bi ita ce saukar kusan santimita 15 a cikin mita 3 na farko. Idan gangaren ya juyo wajen gidan, kowace damina ruwa harsashi yake nufa.

Sai abin da ke binne. Tsohon fili yana da tarihi: rijiyar da aka rufe, ramin shadda da aka daina amfani da shi, kududdufin da aka cike da shara aka baje ƙasa a sama. Gini a kan cikon shara nutsewa yake yi a hankali. Tsofaffin maƙwabta sun san waɗannan wurare fiye da dillali, ka gaishe su ka tambaya. Idan akwai rijiya mai aiki, ka auna tazararta da shadda. Ƙasa da mita 15 haɗari ne, hukumomin lafiya da yawa ma mita 30 suke cewa, kuma a gwada ruwan kafin iyali su sha.

Yanzu ginin. A nan na fi cutuwa, domin na ɗauke shi kamar gyara ce aka ɗora min a kan filin, ban ga dalilin tsananta bincike ba. Na ga sabon fenti a bangon ɗakin kwana na lissafa shi cikin alherin gidan. Bango ɗaya ne tak aka shafa, kuma ban tambayi dalili ba. Da damina ta kankama fentin ya kumbura daga ƙasa zuwa gwiwa, ka danna da yatsa filasta ta zubo gari, wani farin gishiri ya fito a jikin bulo, tabarmar da ke jingine a wurin ta yi baƙin funfuna. Danshi ne yake hawa daga harsashi, kuma fenti ba ya maganinsa.

Saboda haka ka je da tocila da sukudireba, cikin kayan da ba ka jin tsoron su ɓaci. Ka matsar da kabad ka duba bayansa. Ka buɗe kowace ƙofa da taga. Wadda take cijewa ko ta karkace a cikin firam tana iya nuna bango ya motsa. Tsaga siririya kamar gashi a filasta ba abin tayar da hankali ba ce. Wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko ta bi layin bulo hawa-hawa, ko ta fi faɗi a sama, ko ta haura milimita 5, ko ta ratsa har ana ganinta ciki da waje, wannan injiniyan gini ne zai yi magana a kanta. Ka hau cikin silin da rana ka kashe tocila, duk inda haske ya leƙo ruwa ma yana shiga. Ka soka sukudireba a katakon rufi. Idan ya nutse ba da ƙarfi ba, gara ta riga ka, ko da fuskar katakon lafiya take, don daga ciki take ci. Siraran hanyoyinta na laka a jikin bango su ne alamarta.

Wuta da famfo a bar wa masu sana'ar su duba, amma ka san abin tambaya. Tsofaffin wayoyi robarsu tana bushewa ta farfashe, an kuma ja su ne don 'yan fitilu, ba don firji da na'urar sanyaya ɗaki ba, wasu gidajen ma babu wayar da ke sauke wuta zuwa ƙasa. Tsohon bututun ƙarfe daga ciki yake tsatsa. Ka buɗe famfo biyu a lokaci guda ka ga ƙarfin ruwan da launinsa. Abu biyu kuma sun shafi lafiya kai tsaye. Rufi ko silin na asbestos, wato wani ma'adini mai zare-zare da ake cakuɗawa da siminti, idan aka fasa shi yana sakin ƙura mai jawo cutar huhu da sankara bayan shekaru masu yawa, cire shi ba aikin guduma ba ne. Tsohon fenti kuma yana iya ƙunsar gubar dalma, wadda ke lalata ƙwaƙwalwar yara; Amurka ta haramta shi a gidajen zama a 1978, amma ƙasashe da dama sun daɗe bayan haka ana sayar da shi.

Kada kuma ka yarda da zancen "ai sai ka ɗora bene". Harsashin ƙaramin gida an yi shi ne don nauyin ƙaramin gida, sai an tona gefensa an gani kafin a san abin da zai iya ɗauka. Ƙarin ɗaki a gefe ma yana da nasa sharaɗi, domin sabon gini yana zama a ƙasa bayan tsohon ya gama nasa zaman tuntuni, mahaɗarsu kuma nan take tsagewa idan ba a bar tazarar motsi ba.

Idan rahotanni sun zo hannu, sai lissafi. Ka binciki nawa fili marar gini yake tashi a wannan unguwa, a kan girman da za ka iya amfani da shi, ba wanda aka nuna maka da hannu ba. Abin da ya hau kan wannan shi ne kuɗin da ake nema a kan ginin. Ka kwatanta shi da kuɗin gyaran da magini ya rubuta maka, ka ƙara wani kaso don abin da zai ɓullo idan an fara fasawa, domin a tsohon gida yakan ɓullo. Idan ginin na rushewa ne, kuɗin rusau da kwashe ɓaraguzai daga farashin fili za a cire su. Faɗin ma yana da nasa ɗawainiya: fili mai mita 30 a 60 katangar mita 180 yake bukata, ga sharar ciyawa, ga haraji, ga tsaro, ga tsawon bututu da waya idan gidan yana nesa da titi.

Kuɗin kafin alƙalami kada ya fita sai da rubutacciyar yarjejeniya cewa za a mayar maka idan awo, binciken takardu ko rahoton injiniya ya nuna matsala. Mai sayarwa da ya hana ka hawa silin, ko ya ƙi safiyo ya shiga, ko ya ce akwai wani a layi sai ka biya yau, ka yi masa godiya ka nemi wani gidan.