Godiya ta musamman bayan fitowar sakamako

Alhamdulillah, Alhamdulillah. Jama'a sakamako ya fito jiya da yamma kuma na haye. Kwas ɗin zanen injiniya da ya riƙe ni shekara biyu, 'yan ajinmu suka fita suka bar ni, yau Allah ya raba ni da shi. Ba sai na maimaita ba, waɗanda suka gan ni ranar da lambata ta sake fitowa a kari-oba sun san halin da na shiga.

Na san shi ba ya son a ambace shi amma wallahi ba zan iya yin shiru a kan Babanmu na Panteka ba, dattijon nan mai injin ferar ƙarfe. Saura kwana tara jarrabawa na je wajensa kai saƙon Yaya, ya ga takarda a hannuna ya ce yaro me ke damunka ka rame haka, na ce Baba sekshon ne, wato zanen cikin abu kamar an yanka shi biyu, in na ga layin yankan nan mai dogon zane da ɗigo da kibiya biyu an rubuta A-A sai kaina ya ɗaure, ban san ta ina ake kallo ba, ban san inda ake ja siraran layukan da ke nuna wurin da aka yanka ba. Bai ce komai ba. Ya tashi ya binciko wani tsohon fule na alminiyom, faifan nan da bel ke juyawa a inji, mai bush wato zoben tagulla a ramin tsakiyarsa, ya ɗaure a bais ɗin damƙe ƙarfe ya sa zarto, mutum mai ciwon baya, ga kwastoma na jira, sai da ya raba shi biyu. Ya goga alli a fuskar yankan ya ce duba nan, duk inda zarto ya ci ƙarfe nan za ka ja siraran layukanka a digiri 45, inda ya wuce ta rami bai ci komai ba ka bar shi fari. Ya ce ka tsaya a bayan kibiya ka kalli inda ta nuna, ɓarin da ke tsakaninka da yankan ka ɗauka an jefar da shi. Bush kuwa tunda ƙarfe daban ne sai layukansa su karkata ɗaya gefen don a gane abu biyu ne. Shaf, wato sandar da fule ke hawa, da noti da ki ɗin da ke kulle fule a jikin shaf, in an yanka su ta tsawo ba a ja musu layi, ya ce me za ka nuna a cikin sandar ƙarfe?

A zauren jarrabawa da na buɗe takarda na ga buraket, ƙarfen tallafe kaya, mai haƙarƙari wato siririn ƙarfen da ke tokare shi a tsakiya kuma yankan ya bi ta tsawonsa, hannuna ya kama rawa fensir har ya faɗi, don nan ne na faɗi bara, na cika haƙarƙarin da layi gaba ɗaya. Na yi ta Hasbunallahu, sai allin nan ya dawo min a ido, na bar haƙarƙarin fari, don shi ma kamar shaf in an yanka shi ta tsawo ba a ja masa layi.

Baba, Allah ya saka maka da gidan Aljanna, ya ba ka lafiyar bayan nan, ya jiƙan mahaifanka, ya shirya maka zuri'a, ya sa kada ka taɓa neman taimako ka rasa. Inna da ta sayar da akuyarta aka biya kuɗin zangon nan, da azumin Litinin da Alhamis da ta yi ta yi, Allah ya ba ni ikon share miki hawaye. Yaya da ya ara min allon zane da fitilar caji, da malaminmu da ya duba min zane huɗu a lokacin hutunsa, Allah ya biya ku.

Akwai 'yan uwa na jini da a shekara biyun nan ko flashin ban gani ba, sai dai saƙo ya zo ta bakin wasu wai in haƙura da boko in kama kasuwa. Ya yi min ciwo gaskiya, amma ba komai, Allah ya bar zumunci.

Ɓarin fulen yana nan kan teburina da allinsa, ɗayan yana shagon Baba. Ranar Asabar in sha Allah zan kai masa takardar sakamakon ya gani da idonsa.