Tiya Biyu ta Hatsi

A Tudun Wada aka yanke mini cibiya, amma ban tashi na san unguwar ba. Ina goye a bayan mahaifiyata aka gudu da ni lokacin rikicin Fabrairun 2000, muka tsallake kogin Kaduna muka tare a Sabon Tasha. Duk wanda ya girma a garin nan ya san abin da gadar nan take nufi. Babu wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce in ƙi Musulmi, amma na tashi da sanin cewa akwai unguwannin da ba a kai magariba a cikinsu. Da wannan zuciyar na tafi aikin bishara a Nijar, ƙasar da Kirista ko ɗaya cikin ɗari ba su kai ba.

Na gama bautar ƙasa ke nan aka yi makon mishan a ikkilisiyarmu, aka ce ana neman mai ilimin kiwon lafiya da zai taimaki wani fasto a ƙauye kusa da Maraɗi. Na yi wata biyu ina addu'a kafin in buɗe baki. Da na faɗa wa Mama, sai da ta ajiye muciyar da ke hannunta ta ce, "Duk faɗin duniyar nan sai can?" Amma ita ce ta fara tashi tsaye ranar da dattawa suka ɗora mini hannu, kuma zumuntar mata suka ɗauki alkawarin aiko mini da ɗan abin kashewa kowane wata. A Oktoban 2022 na hau mota a tashar Kawo zuwa Katsina, daga nan Jibiya, muka tsallaka iyaka ta Ɗan Isa.

Na ɗauka na san mutanen tunda harshenmu ɗaya. Ranar kasuwa ta farko mai tumatir ta ce mini "dala ashirin", na tsaya ina juya kuɗi a tafin hannu, sai wata yarinya ta zaro sefa ɗari daga ciki ta miƙa mata. Ashe dala ɗaya sefa biyar ce, dubu kuma jika. Makaranta lakwal ce, malaminta mushe, wutar lantarki kuran, fura hura, gero kuwa hatsi. Waɗannan ba su ɗauke ni wata guda ba. Abin da ya ba ni wuya shi ne gaisuwa. Ni 'yar birni ce, na saba da "sannu" ina tafiya. A can sai ka tsaya, ka durƙusa idan babba ne, a tambayi kwana da gajiya da gida da yara da sanyi, kai ma ka mayar ɗaya bayan ɗaya. Matar fasto, wadda nake kira Mama ita ma, ta ja ni gefe ta ce mata suna cewa 'yar Najeriyar nan tana da hannu mai kyau amma ƙafarta ta fi bakinta sauri.

Kwanakin kusan iri ɗaya ne. Kiran sallar asuba ke tashe ni, sai ƙarar turame daga gidajen maƙwabta. Mu yi addu'ar safe da Baba Fasto da iyalinsa, in ɗauki jarka zuwa famfo, sannan in zauna a rumfar da muke duba marasa lafiya. Yawanci zazzaɓin cizon sauro ne, da gudawa, da tamowa. Ina da ɗan ma'aunin nan mai launi uku da ake zagaya wa damtsen yaro. Idan ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, ba na jira, sai a nemi amalanke ko babur zuwa asibitin gari. Da la'asar ina koya wa mata karatu da lissafi. Ranar Lahadi mu taru a ɗan ɗakin ƙasa mai rufin kwano, manya goma sha ɗaya, da ganga guda da tulu. Na fito daga majami'a mai sujada biyu da amsa-kuwwa, amma ban taɓa jin waƙa ta ratsa ni kamar a ɗakin nan ba.

Baba Fasto ba mai yawan magana ba ne. Mahaifinsa ya ji bishara ne yana jinyar kuturta a asibitin mishan na Danja, kuma daga bakinsa na ji yadda ma'aikatan ƙungiyar mishan ta SIM suka fara zama a Damagaram a 1924, suka buɗe asibitin Galmi a 1950. Ya ce in duba yawan shekarun nan, in duba yawanmu ranar Lahadi, sannan in yanke wa kaina ko aikin gaggawa na zo yi. A Janairun 2015, da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, maigari da limamin ƙauyen ne suka shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin sujadarmu suka wuni. Babu wanda ya zo, amma Baba bai manta ba.

Kuskuren da ya fi ci mini rai na yi shi a wata na biyar. Katangarmu ɗaya da wata dattijuwa da kowa ke kira Inna. Jikanta ɗan shekara biyu aka kawo mini jikinsa ya riga ya saki, ya cika kafin babur ya iso. Da muka shiga gidan gaisuwa uwar yaron tana zaune a ƙofar ɗaki, idonta a bushe. Zuciyata ta cika, na ga kamar wannan ce ranar da aka aiko ni dominta. Na zaro Littafi Mai Tsarki daga jaka, na fara yi mata maganar tashin matattu. Ban kai ko'ina ba Mama ta ɗora hannunta a kan gwiwata ta danna a hankali. Na yi shiru. Kwana uku muna zuwa gidan, Mama ba ta ce komai ba ban da "Allah ya ba da haƙuri". Ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta wanke ƙwarya. A hanyar gida ta ce mini, "Ɗiyata, maganarki gaskiya ce, amma kin yi ta ne don zuciyarki ta huta, ba tata ba." Na kwana ina kuka, don na san haka ne.

Ban daina faɗin abin da na gaskata ba, kuma ban taɓa ɓoye cewa saboda Yesu Almasihu na zo ba. Abin da na daina shi ne shiga gaban mutum. Bayan wata huɗu uwar yaron nan ce da kanta ta tambaye ni, muna tsinkar zogale, me na so faɗa mata ran nan. Na faɗa mata duka. Ta saurara, ta yi godiya, kuma har na baro garin tana sallarta. Masu tambayata a nan Kaduna rayuka nawa na samo, ina ba su amsa da ladabi, amma tambayar tana yi mini nauyi. Mutanen nan suna da sunaye, na ci tuwonsu.

Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum. Cikin 'yan kwanaki aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, ana ta maganar yaƙi a rediyo. Direban da ke kawo mini saƙon zumuntar mata ya daina zuwa, ga naira ta riga ta faɗi, abin da ya rage a hannuna bai taka kara ya karya ba. Watan Agusta kuma shi ne mafi tsanani a karkara: rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba. Ni kuma 'yar ƙasar da ta rufe musu ƙofa ce. Tsohon tsoron nan na Sabon Tasha ya dawo mini sabo, har na koma kwana da takalmi kusa da kai.

Wani dare bayan isha'i aka yi sallama. Inna ce da ƙwarya a kai, an rufe da faifai. Ta sauke ta ce, "Tiya biyu ce, ki yi haƙuri da ita. Rigimar manya ba ta shafi maƙwabtaka ba." Na san bakuna nawa ne a gidanta, na san kuma abin da ya rage a rumbunta, don ni nake auna damtsen jikokinta. Na ce ba zan karɓa ba. Ta ɓata rai ƙwarai, ta ce wata goma suna karɓa daga hannuna, ashe ni na fi ƙarfin karɓa daga nasu? Na durƙusa na karɓa da hannu biyu. A daren na gane cewa tun zuwana na ɗauki kaina mai bayarwa kawai, kuma girman kai ne sanye da rigar hidima. Na roƙi Ubangiji gafara.

An buɗe iyaka a Maris na 2024, na dawo gida bayan Ista. Ranar da zan taho Inna ta ba ni ƙullin busasshen zogale da kuka, ta ce in kai wa autanta da ke sayar da shayi a Kaduna. Na tambayi unguwa. Ta ce Tudun Wada.

Da na faɗa wa mahaifiyata ta yi shiru mai tsawo, sannan ta shiga ɗaki ta ɗauko gyale ta ce tare za mu. Shekara ashirin da huɗu rabonta da unguwar. Muka hau Keke muka tsallake gada, tana nuna mini inda injin niƙa yake a da, da layin da muka zauna. Sai da muka tambayi masu shayi huɗu kafin muka same shi. Da ya kwance ƙullin ya shinshina, sai ya juya baya ya goge ido da hannun riga. Ya jawo mana benci, ya haɗa shayi kofi biyu mai kauri, ya durƙusa gaban Mama ya fara gaisuwa tun daga kwana. Ta amsa masa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta tambaye shi ko gidan mai ƙofar shuɗi na bayan masallaci yana nan.